Kafin Ka Zuba Kuɗinka A Maus Ɗin Gem: Jan Hankali Ga Matasan Sakkwato

Duk wanda ya leƙa shagunan kayan kwamfuta na cikin garin Sakkwato a 'yan shekarun nan zai ga wata haja da ta fara cika kanta: maus mai fitilu kala-kala da maɓallai shida ko bakwai, a cikin kwali mai sheƙi, an dangwala masa wata lamba da manyan baƙaƙe. Wani an rubuta 7,200 DPI, wani 12,800, wani ma ya haura 20,000. Da wannan lamba ake ciniki. Mai shago zai nuna maka ita da yatsa ya ce wannan ya fi wancan, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Yaro ya daɗe yana tari, wani daga kuɗin makaranta ya tsakuro, ya biya, ya koma gida da murna. Bayan kwana biyu sai ka same shi yana ƙorafin cewa har yanzu ana harbe shi kafin ya ɗaga bindiga.

Gaskiya ne yawancin matasanmu a waya suke gem, ko Call of Duty Mobile, ko PUBG, ko Free Fire, wasu kuma ƙwallo suke bugawa a gidajen gem na Mabera da Arkilla da Runjin Sambo. Amma laftof ta gwanjo ta yawaita a hannun ɗalibai, musamman na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, kuma duk wanda ya ɗanɗani wasan harbi irin Counter-Strike ko Valorant a kwamfuta, abu na farko da zai fara nema shi ne maus mai kyau. Neman ba laifi ba ne. Abin da ke damuna shi ne ana sayar wa yaranmu lamba, alhali abin da suke buƙata yana wani wuri dabam.

Bari mu fara da abin da ke cikin maus ɗin. Na farko da aka ƙera a duniya na katako ne, mai ƙafafu biyu na ƙarfe a ƙasa, wanda Douglas Engelbart da abokin aikinsa Bill English suka haɗa a Amurka wajen 1964, aka nuna wa jama'a shi a San Faransisko cikin watan Disamba na 1968. Daga baya aka koma mai ƙwallon roba a ciki. Waɗanda suka yi zamanin kafe a farkon shekarun 2000 za su tuna yadda ake buɗe ƙasansa a zaro ƙwallon, a kankare dauɗar da ta nannaɗe 'yan ƙafafun da ke ciki da farce. A 1999 kamfanin Microsoft ya fito da mai ido a madadin ƙwallo, kuma a wannan shekarar ce Razer ya fito da Boomslang, wanda aka yi musamman don 'yan gem, mai DPI har 2,000. Tun daga nan kamfanoni suka shiga tseren lamba.

Wannan idon da ke ƙasan maus wata 'yar ƙaramar kyamara ce da fitilarta. Tana ɗaukar hoton abin da ke ƙarƙashinta sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, tana gwada kowane hoto da wanda ya gabace shi, ta nan take gane ina ka gusa da kuma nawa ka gusa. DPI kuwa ƙidaya ce kawai: idan ka ja maus tsawon inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi da 'yan kai, taku nawa zai gaya wa kwamfuta cewa an yi. Mai 800 zai ce taku 800, mai 16,000 zai ce taku 16,000. Iyakar ma'anar ke nan. Ba ta cewa komai game da ko ƙidayar daidai ce, ko idon yana ɓata idan an fizge shi da sauri.

A yi lissafin da kowa zai iya yi da rula. Allon da ke da ɗigo 1,920 daga hagu zuwa dama, idan maus yana kan 800, kana buƙatar jan hannu kusan santimita 6 kafin kibiya ta ratsa shi. A kan 16,000 kuwa milimita 3 kacal ta isa. Logitech na da ido mai kaiwa 25,600. A wannan matakin ko milimita 2 ba za ka ja ba kibiya ta ƙure bango. Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibanmu ma allonsu ɗigo 1,366 ne, abin ya fi haka muni. Numfashinka kaɗai ko rawar yatsa lokacin dannawa za su kawar da kibiyar daga inda ka saita ta. Kamar a ba ɗan kabu-kabu babur ne wanda da ya taɓa totur zai yi tsalle ya kai gudun ƙarshe. A cikin cunkoson bakin Babbar Kasuwa, wannan ba ƙarfi ba ne, hatsari ne.

Shi ya sa ƙwararrun da wasan ya zama sana'arsu, masu shiga gasar duniya ta Counter-Strike, akasarinsu a kan 400 ko 800 suke, wasu 1,600. Suna da kuɗin sayen kowane iri, kamfanoni ma kyauta suke ba su, amma ba ka ganin su a kan dubu ashirin. Ba na cewa babbar lamba ba ta da amfani sam. Mai aiki da babban allo mai ɗigo kusan 4,000, ko mai allo biyu a jere, zai ji daɗin 1,600 ko 3,200, kuma ɗaga DPI zuwa 1,600 tare da rage saurin da ke cikin wasan yakan sa motsi ya ƙara santsi. Daga nan zuwa sama, ga irin na'urorin da muke da su, ado ne kawai.

Akwai kuma yaudara da ya kamata a sani. Maus mai arha da yawa idonsa na asali bai kai lambar da aka rubuta a kwali ba. Abin da ake yi shi ne a ninka ƙidayar ta hanyar lissafi, taku ɗaya na gaske a mayar da shi biyu ko huɗu. Kibiya za ta yi sauri, amma tana tsallake wurare, tana karkarwa. Abin da ya fi muhimmanci, wanda ba kasafai ake rubuta shi da manyan baƙaƙe ba, shi ne iyakar gudun da idon zai iya bi bai rikice ba, wanda ake aunawa da IPS, wato inci nawa a daƙiƙa. Ido mai kyau na kai 300 zuwa 400 ko fiye. Mai rauni kuwa da zarar ka fizgi hannu don juyawa baya, sai ya ɓace, ka tsinci kanka kana kallon sama ko ƙasa a cikin wasan. Yawancin idanun kirki wani kamfanin Taiwan mai suna PixArt ke ƙera su, kuma masu maus na gaskiya ba sa ɓoye sunan idon da suka sa. Za ka ga an rubuta irin su PMW3360 ko PAW3395. Kwalin da ya cika baki da DPI da launukan fitila amma ya yi shiru kan sunan ido, a yi hattara da shi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Lamba ta biyu da ake talla da ita ita ce sau nawa maus ke kai wa kwamfuta rahoto a daƙiƙa ɗaya. Na ofis yana yi sau 125, wato duk bayan milisakan 8, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Na gem yana yi sau 1,000, duk bayan milisakan ɗaya. Wannan bambanci na gaske ne, hannu yana jin sa. A 2021 Razer ya fito da mai yi sau 8,000, wasu suka bi sahu. To a nan sai a tsaya a yi tunani. Daga 1,000 zuwa 8,000, abin da ka samu bai kai milisakan ɗaya ba, amma ka ɗora wa ƙwaƙwalwar kwamfuta nauyin karɓar saƙo dubu takwas kowace daƙiƙa. Tsohuwar laftof ba za ta ɗauka ba, wasan ne zai fara sarƙewa. Wanda na'urarsa ke nishi ma gara ya sauko 500.

Kuma wannan milisakan ɗayan da ake fafutika a kai, a gwada shi da sauran jinkirin da ke kan hanya. Allon laftof na yau da kullum yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, wato kowane hoto na zama kusan milisakan 17. Mai 144 ya rage shi zuwa kusan 7. Sai babban, wato intanet. Sabobi, wato manyan kwamfutocin da ake haɗuwa a kansu a yi yawancin waɗannan wasanni, ba a Nijeriya suke ba, suna Turai ko Afirka ta Kudu ko Gabas ta Tsakiya. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Daga Sakkwato zuwa Legas, inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku suke sauka, kusan kilomita 1,000 ne. Wayar MainOne da ta fara aiki a 2010 ta taso daga Fotugal zuwa Legas, tsawonta kimanin kilomita 7,000. Zuwa da dawowa ya kama kilomita 16,000, wato milisakan 80, tun kafin a sa jinkirin eriyar unguwarku, da cunkoson dare, da sauran tafiyar daga Fotugal zuwa Jamus ko Ingila. Wannan shi ne abin da 'yan gem ke kira ping. Yaron da ke Farankfot ta Jamus yana wasa da jinkirin da bai taka kara ya karya ba, kai kana ɗauke da ɗari ko fiye. Babu maus a duniya da zai goge wannan tazarar, ko nawa ka saye shi. Abin da zai ɗan taimaka shi ne zaɓen saba mafi kusa, da haɗa waya ko rawuta da kwamfuta ta kebul maimakon ta iska, da hana sauran na'urori jan data lokacin da kake wasa.

Yanzu ga wanda ya riga ya saya, ko yake da niyya, yadda ake saita shi ba wuya. A cikin Windows, ka shiga saitin maus, wurin saurin kibiya. Tsohon ma'aunin yana da gaɓa 11. Ka bar shi a ta 6, domin a nan ne taku ɗaya na maus yake zama ɗigo ɗaya a allo, ba ƙari ba ragi. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan akwati da aka rubuta Enhance pointer precision. Cire alamar da ke ciki. Aikinsa shi ne ya ƙara wa kibiya nisa idan ka ja da sauri, ya rage idan ka ja a hankali. Ga mai aikin ofis a ƙaramin tebur yana da daɗi, amma ga mai son hannunsa ya haddace nisa, masifa ne, don jan santimita biyar na yanzu ba zai kai ka inda na ɗazu ya kai ka ba. Idan wasan yana da zaɓin karɓar motsi kai tsaye daga maus, ka kunna shi.

Daga nan ka sa DPI a 800, ka shiga wasan ka nemi saurin da ya dace da kai. Ka sani lambobin biyu ninka juna suke yi: 800 da saurin wasa 1 daidai yake da 400 da sauri 2, daidai yake da 1,600 da rabi. Don haka tambayar abokinka DPI nawa yake amfani da shi, ba tare da sanin ɗaya lambar ba, ba ta da amfani. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne rula. Ka ajiye ta a gefen shimfiɗar maus, ka auna santimita nawa kake ja kafin ɗan wasanka ya juya ya dawo inda ya fara kallo. Da yawa daga cikin ƙwararrun wasan harbi suna tsakanin santimita 30 zuwa 50. Sabon shiga yakan tarar nasa bai wuce 5 ko 8 ba, da wuyan hannu kaɗai yake komai. Ka rage a hankali, ka koyi motsa dantse gaba ɗaya don babban juyi, ka bar wa yatsu ƙaramin gyara. Kwanakin farko za ka ji kamar an ɗaure ka. Ka daure. Kuma idan ka samu wanda ya zauna maka, ka bar shi haka na makonni. Babbar cutar da na fi gani a wurin yaranmu ita ce canza saiti duk lokacin da aka ci su. Hannun da ake sauya wa ma'auni kullum ba zai taɓa ƙwarewa ba.

Manhajar saiti, irin G HUB ta Logitech ko Synapse ta Razer, a shafin kamfanin kaɗai za a sauke ta. Waɗanda ake turawa a guruf ko ake kwafa a filashi su ne hanyar da ƙwayar cuta da ɓarayin lambar sirri suke shigowa. Maus da yawa suna da ma'ajiya a cikinsu, da ka saita sau ɗaya ka adana, kana iya rufe manhajar ta daina cin ƙarfin na'ura. Fitilun ma a kashe su, musamman a marar waya, batir kawai suke sha.

Sai abin da ya shafe mu mu kaɗai, wanda masu rubuta takardar cikin kwali ba su san da shi ba: ƙura da zafi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauko da hazonsa, ko ka rufe taga ka toshe ƙofa, da safe za ka iya rubuta sunanka a kan tebur. Wannan ƙurar tana shiga ramin idon maus, tana kwanciya a shimfiɗa, tana cinye 'yan robobin santsi da ke ƙasansa kamar ana goga su da yashi. Ka juya maus ɗinka ka duba ramin da kyau a cikin haske. Sau da yawa za ka ga silin gashi ko zaren tufa ya gitta, kuma shi ne duk dalilin da kibiya take tsalle. Auduga busasshiya a kan tsinke ta isa ta fitar da shi. Kada a hura da baki, kada a zuba fetur ko turare. Shimfiɗar yadi a wanke ta da ruwa da ɗan sabulu, a shanya a inuwa. In an gama aiki a rufe maus da kibod da ƙyalle. Ƙura da gumi kuma suna taimakawa wajen lalata maɓalli, har ka danna sau ɗaya ya amsa sau biyu. Wannan ba dalilin jefar da maus ba ne. Mai gyaran waya da ya iya riƙe ƙarfen dalma zai iya canza maɓallin da kuɗi kaɗan. Teburin gilashi ko fomaika mai ƙyalli kuwa yana rikita yawancin idanu, ko kwali ka shimfiɗa ya fi shi.

Zafin bazara nasa ya fi ɓoyuwa. A watan Afrilu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, laftof da aka ɗora a kan katifa ko darduma tana toshe hancinta, ƙwaƙwalwarta ta yi zafi, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Hoto ya fara tsinkewa, kai kuma ka ɗora wa maus laifi. Haka idan an ɗauke wuta ta koma kan batir, yawancinsu rage ƙarfi suke yi. Ka ɗaga bayanta da wani abu iska ta ratsa, ka kai a share fankarta kafin bazara ta kama. Wannan ɗan aikin zai gyara maka wasa fiye da sabon maus.

Game da mai waya da marar waya, magana gajera ce. Marar waya na kirki, mai ɗan makullin da ake sokawa a kwamfuta, ya kamo mai waya a sauri. Bluetooth ne dai bai dace da wasan harbi ba. Ɗan makullin a sa shi kusa da maus, nesa da rawuta da kuma filashi ko hadis da ke soke a ramin USB mai shuɗin ciki, domin suna iya yi masa kutse. Wanda kuɗinsa kaɗan ne, mai waya na gaske ya fi masa marar waya na jabu.

Jabu kuwa ya yi yawa, ko a nan, ko a Farm Centre ta Kano, ko a Computer Village ta Ikeja inda yawancin kayan ke fitowa. Kada ka biya sai an jona maka. Ka buɗe Paint ka ja layi a hankali a karkace, ka ga ko yana fita sumul ko yana yin matakala. Ka fizge shi da ƙarfi hagu da dama ka ga ko kibiya za ta ɓace. Ka ɗaga shi kaɗan daga tebur. Na kirki yana daina gani da ya tashi milimita ɗaya ko biyu. Idan an ce na babban kamfani ne, manhajar kamfanin za ta gane shi, in ta ƙi, ka san abin da ke hannunka. Sannan ka riƙe shi ka ji. Wani da tafi duka yake riƙo, wani yana lanƙwasa yatsu, wani da kan yatsu kawai. Wanda ya cika maka hannu daidai, marar nauyi, shi ne naka. Kamfanoni yanzu rage nauyi suke yi, har akwai masu gram 60 da 'yan kai, don hannu ya daɗe bai gaji ba.

Hannun nan shi ne abin da na fi so a kula da shi. Saurin da ya wuce kima yana tilasta wa mutum ƙanƙame maus yana aiki da wuyan hannu kaɗai na sa'o'i. Akwai jijiyar da ke ratsa wani ƙunƙuntaccen wuri a wuyan hannu. Idan ta matsu, babban yatsa da manuniya da na tsakiya su fara dindiris ko jin kamar ana tsira allura, musamman da dare. Ka zauna yadda dantsenka zai kwanta a tebur, wuyan hannu a miƙe. Ka riƙa tashi kana miƙa. Lokutan salla ma sun raba maka yini, kada ka bari wasa ya haɗe su. In ciwon ya ƙi tafiya, asibiti za ka, ba wurin mai ɗori ba. Ba hannu kaɗai ke cutuwa ba: Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta amince da sanya kamuwa da wasan gem cikin jerin cututtuka, tsarin ya fara aiki a Janairun 2022. Ba kowane mai wasa ake nufi ba, sai wanda abin ya fi ƙarfinsa, ya fifita shi kan karatu da barci da iyali, yana ganin ɓarnar amma ya kasa bari.

Ga iyaye, ba na goyon bayan a ƙwace maus a farfasa. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma sai da hukumar ta fito da tsarin amsawa da maɓallai takwas na kibod saboda ɗimbin yaran da ba su saba riƙe maus ba. Yaron da hannunsa ya faɗa, gobe shi ne mai zanen CorelDraw a shagon buga kati, shi ne mai zanen gini a AutoCAD. A sa masa lokaci, a san da wa yake wasa, a san inda kuɗin data ke fitowa.

Masu shaguna kuma, don Allah ku ajiye laftof ɗaya a kan kanta da mai saye zai gwada kafin ya biya, ku gaya masa wanne ne na asali wanne ne kwaikwayo, kowanne da kuɗinsa. Kai kuma ɗan'uwa, kafin ka fita kasuwa, juya wanda ke hannunka ka share idonsa, ka sa shi a 800, ka cire alamar nan ta Windows, ka ba shi mako biyu.